Ranar Duba Lafiya a Makaranta

Falgore gari ne a ƙasar Rogo, wajen Ƙaraye, a yammacin Jihar Kano. Mutanensa manoma ne. Da damina rafuka da kududdufai sukan cika, yara su yi ta wanka a cikinsu.

A zamanin En'e, in malamin asibiti ya zo makaranta, yakan duba dantsen kowane yaro, ya ga ko akwai tabon lamba, watau rigakafin agana. Tun 1970 aka daina ganin agana a Nijeriya, a 1980 kuwa aka shelanta ta ƙare a duniya duka.

Yanzu in ma'aikatan lafiya suka zo, akan jera yara aji aji. Akan duba kai saboda makero da ƙwarƙwata, a duba tsakanin yatsu saboda ƙaswa, sa'an nan ido da haƙora. Amma akwai cutar da ba ta fita a fili, sai an tambaya. Ita ce tsargiya.

Mai tsargiya yakan ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Waɗansu sukan ce alamar girma ce ga ɗa namiji, wannan kuwa kuskure ne babba, gama 'yan mata ma tana kama su. Wata 'yar tsutsa ke kawo ta, wadda wani likita, Bilharz, ya gano a Masar a 1851. In mai cutar ya yi fitsari a kududdufi, ƙwayayen sukan ƙyanƙyashe, su shiga jikin dodon koɗi. Bayan 'yan makonni sukan fito da yawa, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, bai sani ba. Yaron da ya ɓoye ta yakan rasa jini, ya rame, ya riƙa gyangyaɗi a aji. In ta daɗe takan ɓata mafitsara da ƙoda.

Maganinta ƙwaya ce, sunanta praziquantel. Ba a bukatar sikeli. Akan tsai da yaro jikin wata sanda mai zane, tsawonsa ya nuna rabonsa, daga ƙwaya ɗaya har biyar. Tana da ɗaci, takan kuma sa jiri in ciki ba kome, saboda haka akan gaya wa iyaye su ba yara koko ko ɗumame tun da safe. Wanda ya warke ya koma kududdufi zai sake ɗauka, shi ya sa akan maimaita rabon maganin.