Darasin Wannan Mako: Shi Ma Ɗan Sanda Yana da Zuciya



Kullum da safe mukan wuce ta shataletalen Mando, mu ga 'yan sanda tsaye cikin rana da ƙura suna ba motoci hannu. Wasunsu iyayenmu ne, wasu yayyenmu, wasu maƙwabta. Kakin kawai muke gani, ba mu cika tambayar abin da ke zuciyar mai kakin ba.

Mece ce damuwar aiki?

Idan mutum ya fuskanci haɗari, jikinsa kan saki wasu sinadarai irin su adirenalin da kotisol. Sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, barci ya ƙaurace. Wannan baiwa ce daga Allah don mutum ya kuɓutar da kansa. Matsala tana zuwa ne idan haɗarin ya wuce amma jiki ya ƙi komawa daidai. Ɗan sandan da ya ɗauki gawa a wurin haɗarin mota, ko aka kashe abokin aikinsa a gabansa a hanyar Birnin Gwari, yana iya shafe watanni cikin wannan hali.

Mu a nan mun san tashin hankali. A daren 11 ga Maris, 2021, 'yan bindiga suka sace ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta tarayya da ke Afaka. Muna tuna kukan iyaye. To, jami'an da suka kwana suna sintiri a lokacin, su ma da nasu nauyin suka koma gida.

Alamomi

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ga abin da ake lura da shi:
1. Rashin barci ko mugun mafarki.
2. Saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba.
3. Firgita da ƙarar ƙofa ko ta fashewar taya.
4. Ƙaurace wa iyali da abokai.
5. Neman sauƙi wajen giya ko ƙwaya, wanda ƙara wa wuta fetur ne.

Me ke hana su neman taimako?

Tsoro ne da kunya. Wani yana gudun a ce masa rago, wani yana gudun a ce ya taɓu, a karɓe bindigarsa. Amma ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da magani. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma hana nuna wa masu irin wannan lalura wariya.

Ina mafita?

A fara da faɗa wa wanda aka amince da shi: abokin aiki, mata, liman ko fasto. A samu barci, a motsa jiki, a riƙe ibada. Idan alamomin suka wuce wata guda, sai a ga likita. A nan Kaduna muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, kuma ba sai abu ya yi tsanani ake zuwa ba. Wanda ya fara maganar kashe kansa kuwa, a kai shi nan take, kada a bar shi shi kaɗai.

Namu aikin

Idan Baba ya dawo daga aikin dare ya yi shiru, mu gaishe shi, mu kawo masa ruwa, mu rage hayaniya. Fushinsa ba laifinmu ba ne. In abin ya kai ga duka ko tsoro a gida, mu sanar da Mama, kawu, ko malamin ba da shawara na makarantarmu.

Tambayar mako: Kawo alamomin damuwa uku, ka miƙa amsarka ga sakataren ƙungiya kafin Juma'a.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta