Tsaga a Jikin Dutse da Lissafin Yadda Take Ci Gaba

Gabatarwa

Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai dai karin maganar ba ta faɗi abin da ya sa wata tsagar kan shekara ba ta motsa ba, wata kuwa ta keta bango dare ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masana ke lissafa haka, tare da duban ƙasar Gwandu da Kalgo.

Tushen Lissafin

Dutse da kankare da gilashi da tukunyar ƙasa duk abubuwa ne masu gautsi, watau ba su lanƙwasa, sai dai su fashe. Dutse kan jure danni ƙwarai, amma abin da yake iya jurewa na ja yawanci kimanin kashi 1 cikin 10 ne na wancan.

A 1913 wani masani na Ingila, C. E. Inglis, ya nuna cewa ƙarfin ja kan taru ne a bakin rami. In ana jan falle mai rami zagayayye, ƙarfin da ke gefen ramin kan ninka sau 3. In kuwa ramin miƙaƙƙe ne, tsawonsa ya ninka faɗinsa sau 10, to ƙarfin da ke tsininsa zai ninka sau 21. Daga nan A. A. Griffith ya yi gwaji da gilashi, ya bayyana a 1921 cewa tsawon tsaga shi ke yanke nauyin da abu zai ɗauka. Alal misali, in tsawonta ya ninka sau 4, nauyin da zai iya ɗauka ya koma rabi. G. R. Irwin na Amurka ya mai da wannan ma'aunin injiniyoyi a 1957.

Aikin Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Waɗannan ƙa'idoji sun wadatar ga siffa mai sauƙi, amma bangon rijiya ko madatsar ruwa ya fi ƙarfin lissafin hannu. Saboda haka sai a zana abin, a yanyanka zanen zuwa dubban ƙananan yankuna, a ba kowane yanki taurinsa, na'ura ta lissafa yadda kowanne ke jan maƙwabcinsa. In ƙarfin da ke tsinin tsagar ya kai iyakar jurewar dutsen, sai a ƙara mata tsawo kaɗan, a sake lissafi, har a ga inda ta dosa. R. W. Clough na Jami'ar Kalifoniya ne ya raɗa wa dabarar suna a 1960, kuma da ita aka nazarci tsagar madatsar ruwa ta Norfork a jihar Arkansas a 1962.

Ƙasar Gwandu

Ƙasar da Wurogauri take a kai masana sun raɗa mata sunan Gwandu. Shimfiɗu ne na dutsen yashi da yumɓu, ƙarƙashinsu kuma akwai farar ƙasar Kalambaina wadda ake yin siminti da ita a Sakkwato. Daga dutsen yashin nan ne rijiyoyin yankin ke samun ruwa. Yumɓu kan kumbura da damina, ya tsuke da rani, shekara bayan shekara yana jan kankaren da aka ɗaure rijiya da shi. Da zarar tsaga ta ratsa kankaren, ruwan sama mai dauɗa ya sami hanyar shiga ruwan sha, shi kuma mai yasa da ke ƙasa ransa na cikin haɗari.

Kammalawa

Na'ura ba ta san dutsen Gwandu ba sai abin da aka gaya mata. Wajibi ne a ɗebo dutsen wurin, a gwada shi busasshe da jiƙaƙƙe, domin ruwa kan rage masa ƙarfi. Ga magini kuwa darasin a taƙaice shi ne: ya sa alama a tsinin tsaga, ya riƙa aunawa. In ta wuce alamar, gyara ba ya jiran wata damina.