Aikin Gayya a Zamanin Kwamfuta

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka yake a gona, haka kuma yake a aji. Shi ya sa malamai kan raba ɗalibai rukuni-rukuni su ba su aiki ɗaya. A yau akwai manhajojin da ke sa a yi irin wannan gayya ko da ɗalibai ba su zauna a wuri ɗaya ba. Bari mu duba uku daga ciki.

Na farko shi ne Google Docs, wanda ya fito a 2006. Takarda ce guda a intanet wadda mutane da yawa za su iya rubutu a kanta lokaci ɗaya. Idan an ba ku aiki a kan zaizayar ƙasa, wani ya rubuta dalilanta, wani illolinta, wani kuma maganinta, kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ke yi. Manhajar tana ajiye tarihin gyare-gyare, saboda haka malami zai gane wanda ya yi aiki da wanda ya laɓe a bayan wasu.

Na biyu shi ne Google Classroom na 2014, da yayansa Moodle, wanda Martin Dougiamas ɗan ƙasar Ostareliya ya fitar a 2002. A nan malami yake ajiye darasi, ya ba da aikin gida, ya karɓa, ya ba da maki.

Na uku shi ne Zoom, inda ake ganin juna ana magana. Malami yana iya raba aji zuwa ƙananan ɗakuna, kowane rukuni ya tattauna, sa'an nan a dawo a haɗu.

An ga amfanin waɗannan kaya a Maris 2020, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a Nijeriya. An kuma ga iyakarsu. Yaran da ba su da waya, ko kuɗin data, ko wutar lantarki, sun koma baya, har jihohi irin su Kaduna da Kano suka riƙa koyarwa ta rediyo.

To, ya ku ɗalibai, ga abin lura. Kafin ku fara, ku raba aiki, kowa ya san nasa da ranar gamawa. Kada ka kwafo rubutun wani daga intanet ka ce naka ne. Wannan sata ce, kuma ranar jarrabawar WAEC kai kaɗai za ka zauna da alƙalaminka. Kada ka goge aikin abokinka sai ka tambaye shi. Idan a rukuninku akwai wanda ba shi da waya, ku zauna tare da shi a kan guda ɗaya. Iyaye kuma su riƙa leƙawa su ga abin da yara ke yi da wayar.

Garma ba ta noma da kanta. Manhaja za ta tara ku wuri ɗaya, amma karatun naku ne.