Kada ka gaggauta wa sabon inji

Wanda ya sayi sabuwar Hilux ko Land Cruiser, hankalinsa na kan daji tun ranar farko. Ɗan'uwa, dakata tukuna. Zobban fistin ba su gama zama daram a cikin silinda ba, kuma kilomita 1,000 na farko ne ke gyara musu zama. A wannan tsakanin kada ka take totur har ƙasa, kada kuma ka kafe kan gudu ɗaya tun daga Kano har Zariya. Ƙara wuta kaɗan, sassauta, canza giya, inji ya saba da kowane hali.

Rairayi mai zurfi irin na hanyar Agadez zuwa Bilma shi ne babban haɗari yanzu, domin mota na nishi a ƙaramar giya, inji na ƙara, zafi na hauhawa. Bar shi sai gaba. Jan tirela ma a jira a wuce kilomita 800.

Kowace safiya, kafin ka tayar, zaro sandar gwajin baƙin mai ka duba, don sabon inji kan ɗan sha mai. In lokacin juyen farko ya yi, kada ka ɗaga shi ko da mako guda, kuma ka sa makanike ya buɗe matatar iska ya kakkaɓe ƙurar da ke ciki.