Yadda Ake Sanin Zuwan Ruwa da Sanyi a Kakar Ingila

A ƙasar Hausa idan an ce kaka, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne girbin gero da dawa, da kuma ɗaukewar ruwan sama. A Ingila ma akwai lokacin da ya yi daidai da kaka, yana kamawa daga watan Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, amma halinsa dabam ne. Can ruwa ba ya ɗaukewa. Yini ya riƙa raguwa, dare yana ƙaruwa, ganyen itatuwa ya yi rawaya ko ja, sa'an nan ya kakkaɓe. Manoma suna tonon dankalin Turawa, suna tsinkar tuffa, suna kuma shuka alkamar da za su girbe baɗi.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne saurin sakewar gari. Sai a wayi gari da ɗumi, da azahar hadari ya taso a sheƙa ruwa, kafin la'asar rana ta fito, amma sanyi ya sauko har sai an nemi rigar ulu. Wannan sakewa kuwa ba abin wasa ba ce ga masunci wanda zai shiga teku da ɗan ƙaramin jirgi, ko ga manomi wanda dankalinsa ke shanye a gona. Saboda haka aka keɓe waɗansu ma'aikata, aikinsu shi ne su faɗi yadda gari zai kasance gobe da jibi. Ana ce da wannan aiki hasashen yanayi. Masu yinsa ba duba suke yi ba, awo suke yi da lissafi.

Kafin ku gane aikinsu, sai kun san iskoki biyu da ke haɗuwa a bisa Ingila. Ingila tana cikin wani babban tsibiri a gefen tekun Atlantika. Daga kudu maso yamma wata iska takan zo mata mai ɗumi, ɗauke da laimar teku. Daga arewa kuma, wajen Girinlan da Aisilan inda ƙanƙara take, wata takan zo mai tsananin sanyi. Da kaka rana tana yin nisa da ƙasashen arewa, sanyinsu ya ƙaru, alhali kudu tana nan da sauran zafinta. To, gwargwadon bambancin da ke tsakanin iskokin nan biyu, gwargwadon ƙarfin karonsu.

Kun san idan an zuba ruwa a kwanon da ke da man gyaɗa, ruwan yakan nutse ƙasa, man ya taso sama, don ruwa ya fi mai nauyi. Haka iska take. Mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, kuma ba su gauraya nan da nan. Idan mai sanyi ta tunkaro, sai ta kutsa ƙarƙashin mai ɗumi ta ɗaga ta sama. Can sama kuwa akwai sanyi ƙwarai. Da mai ɗumin ta hau, sai laimar da ta ɗauko ta koma ɗigon ruwa ƙanana, kamar yadda tururi ke komawa ruwa a jikin murfin tukunya. Ɗige-ɗigen nan su ne gajimare. In sun taru sun yi nauyi, sai su zubo.

Layin da iskokin biyu suka haɗu a kansa shi ake kira bakin daga, watau kamar inda rundunoni biyu ke fuskantar juna. Idan iska mai sanyi ce ke turo mai ɗumi baya, sai a ce dagar sanyi. Tsawonta yakan kai mil ɗari da yawa, kuma yawanci daga yamma take tasowa ta nufi gabas.

Dagar sanyi ba ta zuwa a ɓoye, tana da alamu. Kafin ta iso, iska tana busowa daga kudu maso yamma, gari ya yi ɗumi da laima, gajimare ya riƙa haɗuwa. Sa'ad da ta iso, sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙarfi, a yi ruwa mai yawa amma ba mai daɗewa ba, wani lokaci har da ƙanƙara da tsawa. Da ta wuce, sai iska ta juya ta koma busowa daga arewa maso yamma, sama ta washe, a riƙa hango abu daga nesa tangaran, zafin gari kuma ya faɗi da digiri da dama cikin ɗan lokaci.

Ko bayan ta wuce ruwa bai ƙare ba tukuna. Teku ba ta saurin hucewa kamar ƙasa, don haka da kaka tana riƙe da sauran ɗumin da ta sha a watannin zafi. Idan iska mai sanyi ta bi ta kanta, sai ta ɗumama daga ƙasa, ta tashi sama guntu-guntu, kowane guntu ya zama tulin gajimare. Shi ya sa ake samun ruwa yayyafi-yayyafi: a yi na 'yan mintoci a tsaya, rana ta fito, can kuma a sake. Wata unguwa ta jiƙe, ta kusa da ita ko ɗigo ba ta samu ba. Da dare kuwa in sama ta washe iska ta kwanta, ɗumin ƙasa yakan tsere sama, sanyi ya kai digiri 0, raɓa ta daskare a kan ganye ta kashe shuka mai rauni.

Babban kayan aikin da ke tona asirin dagar sanyi shi ne ma'aunin nauyin iska. Wani masani ɗan Italiya, sunansa Torricelli, shi ya ƙago shi a shekarar 1643. Ya cika bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi cikin kwanon zaiba, sai ya ga zaibar ta tsaya a tsawon wajen inci 30 ba ta zube ba. Nauyin iskar da ke danna kwanon shi ya riƙe ta. Daga baya aka lura cewa idan hadari na tafe zaibar takan sauka, idan ya wuce kuma ta hau. Amma ma'auni ɗaya a gari ɗaya ba ya isa a san inda hadari ya fito da inda ya nufa. Sai da wata babbar hasara ta auku sa'an nan aka gane dabarar haɗa labarin wurare da yawa.

A watan Agusta na 1859 wani jirgin ruwa mai suna Royal Charter ya taso daga Ostireliya zai je Liverpool. Cikinsa akwai mutane da yawa waɗanda suka tafi haƙar zinariya, suna komowa gida da abin da suka samu. Sun yi wajen wata biyu a teku, saura kaɗan su iso, sai wata guguwa mai tsanani ta riske su a gaɓar tsibirin Anglesey, a ƙasar Wales. Da asubahin 26 ga Oktoba iska ta maka jirgin a kan duwatsu ya farfashe, mutum wajen 450 suka halaka ana kallonsu daga tudu. Guguwar nan ta nutsar da jirage fiye da 100 a gaɓoɓin ƙasar.

A lokacin akwai wani tsohon shugaban jirgin ruwa, Robert FitzRoy, wanda tun 1854 gwamnati ta ba shi aikin tattara labarin iska da teku. Ya bi sawun guguwar a kan taswira, ya nuna cewa ta ɗauki sa'o'i da yawa tana tafiya kafin ta kai inda ta yi ɓarna, kuma da an aika labari da an tsirar da rayuka. Sai ya raba ma'aunai a garuruwan bakin teku, ya sa kowace safiya a auna a bugo masa ta wayar tangaraho zuwa Landan, don saƙon waya ya fi kowace guguwa sauri. A 1861 ya fara aika gargaɗi. Idan ya ga haɗari, sai a rataya alamu a bisa dogon sanda a tashar jirage, wata mai kama da ganga, wata mai tsini kamar jinkar ɗaki, don matuƙa su gani su dakata. Ran 1 ga Agusta na wannan shekara jaridar The Times ta fara buga hasashensa don kowa ya karanta.

Ba kullum maganarsa ke yin daidai ba, har waɗansu suka riƙa yi masa ba'a. Ya rasu a 1865, a shekarar da ta biyo kuma aka dakatar da gargaɗin. Amma masunta da matuƙa suka yi ta kuka, don sun ga amfaninsa da idonsu, ba a daɗe ba aka maido da shi.

FitzRoy ya lura da karon iska mai sanyi da mai ɗumi, amma waɗanda suka bayyana shi sosai mutanen Norwe ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko abinci ya yi wuya a ƙasarsu, ana bukatar a taimaki manoma da masunta. Wani malami, Vilhelm Bjerknes, ya koma birnin Bergen a 1917, shi da ɗansa Jacob da waɗansu samari suka kafa wuraren awo kusa da kusa a bakin teku. Da suka jera sakamakon a taswira, sai suka ga akwai layi inda zafi da busowar iska ke sakewa farat ɗaya, kuma a kan layin nan ruwa ke zuba. Jacob ya rubuta bayanin a 1919. Da yake labarin yaƙi ne a bakin kowa a zamanin, sai suka ara wa layin sunan bakin daga. Har yau a taswirar yanayi ana zana dagar sanyi da shuɗin layi mai haƙora masu tsini, tsinin yana nuna inda ta nufa.

Ga yadda lissafin yake a sauƙaƙe. Daga Dublin, babban birnin Ailan, zuwa Landan wajen mil 300 ne. A ce da ƙarfe 6 na safe an bugo daga Dublin cewa an yi ruwa, iska ta juya, zaiba ta fara hawa. Ke nan dagar sanyi ta wuce can. A ce kuma an auna an ga tana cin mil 30 a sa'a. Idan an raba 300 gida 30 za a sami 10. Saboda haka sai a gaya wa mutanen Landan su sa ran ruwa wajen ƙarfe 4 na yamma, da sanyi bayansa.

A yau kayan aikin sun ƙaru ƙwarai. Sau biyu kowace rana, a ƙasashe da yawa, ana sakin balan-balan ɗauke da ma'aunai, ya hau sama yana aiko labari. Jiragen ruwa da na sama ma suna aikowa. Tun 1960, sa'ad da Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko mai ɗaukar hoton gajimare, ana iya ganin dagar sanyi tana tsakiyar teku tun ba ta iso ba. Manyan kwamfutoci kuma su ke yin lissafin. Duk da haka akan yi kuskure. A daren 15 ga Oktoba na 1987 wata guguwa ta afka wa kudancin Ingila da ƙarfin da ya wuce wanda aka zata, mutum 18 suka mutu, itatuwa wajen miliyan 15 suka faɗi. Ɗaya daga cikin dalilan kuskuren shi ne ƙarancin awo daga tekun da ta taso. Bayan haka aka ƙara wuraren awo a teku, aka kuma gyara hanyar yin gargaɗi.

Dagar sanyi irin ta Ingila ba ta zuwa ƙasar Hausa da wannan kama, amma nan ma iskoki biyu ne ke ture juna. Ɗaya mai laima ce daga tekun kudu, ita ke kawo damina. Ɗayar busasshiya ce daga Sahara, ita ke kawo hunturu. Da kaka busasshiyar takan tura mai laimar kudu sannu a hankali, shi ya sa ruwa ke ɗaukewa a Katsina da Sakkwato kafin ya ɗauke a Zariya da Kaduna. Yaron da ya saba duban inda iska ta fito kowace safiya yana rubutawa, ya riga ya kama hanyar da masu hasashen yanayi suka bi.

Tambayoyi

1. Waɗanne watanni ne kaka a Ingila, kuma me manoma ke yi a cikinsu?
2. Don me iska mai sanyi ke shiga ƙarƙashin mai ɗumi?
3. Faɗi alamu uku da ake gani bayan dagar sanyi ta wuce.
4. Wace dabara FitzRoy ya yi don ya gargaɗi matuƙan jirage?
5. Idan dagar sanyi tana nesa da wani gari da mil 200, tana kuma cin mil 25 a sa'a, bayan sa'a nawa za ta isa garin?

Aiki

Ku kafa sanda a filin makaranta, ku ɗaura masa ƙyalle a kai. Kowace safiya har kwana 14 ku rubuta inda iska ta fito, da kamannin gajimare, da ko an yi ruwa ko ba a yi ba. A ƙarshe ku duba ko akwai ranar da juyawar iska ta zo tare da sakewar gari.