TSAKANIN LA'ASAR DA MAGARIBA: IBADAR DA MUKE BARI TA WUCE MU

'Yan'uwa masu bibiyarmu, yau karatun namu a kan tafakkuri ne, wato mutum ya kalli halittar Allah da idonsa har zuciyarsa ta motsa. Wani zai ce, Malam, a wannan hali da muke ciki a Zamfara za ka kawo mana zancen kallon tsuntsaye da faɗuwar rana? E, a wannan halin ne ma zancen ya fi kamata.

Ku koma ƙarshen Suratu Ali Imrana, aya ta 190 da ta 191. A nan Allah Ya yabi masu hankali da abu biyu a haɗe, ambatonSa da yin tunani a kan halittar sammai da ƙasa. An ruwaito daga Uwar Muminai A'isha (RA) cewa daren da waɗannan ayoyi suka sauka Manzon Allah (SAW) ya yi ta kuka, ya kuma yi gargaɗi ga wanda zai karanta su bai yi tunani a kansu ba. To mu fa? Mun riƙe zikiri, alhamdu lillah, carbi a hannu, wasu ma na lataswa a yatsa. Amma ɗaya rabin mun jingine shi. Mutum zai yi wata guda bai ɗaga kai ya dubi sama ba, sai in ya ji ƙarar jirgi.

Ni na tashi a zamanin da ake yin sallar La'asar a Gusau a fita bayan gari da ƙafa, a bi gaɓar Gulbin Sakkwato, a ga balbela na dawowa layi-layi zuwa makwancinsu, kurege ya gilma, fakara ta tashi daga cikin sabara da ƙarfi har gaban mutum ya faɗi. Wanda ya bi hanyar Tsafe da yamma ya san yadda Dutsen Kwatarkwashi ke canza launi idan rana ta yi sanyi. Yau mutum ya ce zai shiga dajin Tsafe ko bayan Bungudu don shan iska, sai a ɗauka ya zare. Kuma da gaskiyar mutane.

Bari in yanke wannan magana tun a nan, kada gobe wani ya ce Malam ne ya tura shi. Ba ya halatta ka kai kanka inda ka san ana ɗaukar mutane da sunan tafakkuri. Kiyaye rai wajibi ne, fita yawon buɗe ido kuwa ba ta wuce mustahabbi ba, kuma ba a sayar da wajibi a sayi mustahabbi. Idan jami'an tsaro ko dattawan gari suka ce kada a wuce wuri kaza, to kada a wuce. Abin da nake jin tsoro daban ne: 'yan bindiga sun ƙwace mana daji, mu kuma sai mu ƙara musu da sama kyauta. Rana ai ba a dajin Munhaye kaɗai take faɗuwa ba. Tana faɗuwa a ƙofar gidanka.

Ga wani aiki da na ke so kowa ya gwada. Ka zaɓi wuri ɗaya, ƙofar masallaci ko saman soro, ka sa alama da wata bishiya ko turken wuta a yamma, ka lura da inda rana ke nutsewa. Bayan wata biyu ka dawo wurin. Za ka tarar ta gusa. Wajen ƙarshen Yuni tana faɗuwa can ta gefen arewa, wajen ƙarshen Disamba ta koma gefen kudu, kuma tazarar da ke tsakanin iyakokin nan biyu a ƙasarmu ta kai kimanin digiri 48. Lokacin ma yana tafiya: a Nuwamba ƙarfe 6 da 'yan mintoci an kira Magariba a Gusau, a Yuli sai wajen ƙarfe 7. Yanzu ka buɗe Suratur Rahman aya ta 17, inda aka ambaci mafita biyu da mafaɗa biyu, sannan Suratul Ma'arij aya ta 40, inda aka kawo su a jam'i. Malaman tafsiri sun ce biyun su ne na bazara da na sanyi, jam'in kuwa saboda kowace rana da nata wurin. Ka sha jin wannan a tafsirin azumi. Amma ranar da ka gani da idonka a kan turken wutar unguwarku, wallahi ayar za ta zauna maka zama na daban. Malaman da suka yi karatu a 'Yandoto tun kafin jihadi ba agogo gare su ba, da inuwa da jan shafaƙi suke sanin lokutan salla. Mu da waya ta mutu, sai mu rasa ko Isha'i ta shiga.

Lokacin hunturu kuma, idan ƙura ta taso daga Sahara, rana kan koma fara fat kamar faifai, ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. A nan a yi hattara, musamman mai azumin nafila: ɓacewarta a cikin hazo ba ita ce faɗuwarta ba.

Dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bungudu, yana da nasa darasin. Sanannen abu ne cewa a da can wurin tsafi ne, har da bikin kamun maiki da aka san garin da shi. Har yanzu akwai masu jin wani ɗar idan an ambaci dutsen, wasu kuma na ganin mai addini bai kamata ya yaba kyansa ba. Duka biyun kuskure ne. Dutse bai yi laifi ba don an bauta masa. Rana ma an bauta mata, kuma da faɗuwarta Annabi Ibrahim (AS) ya kafa wa mutanensa hujja a Suratul An'am, cewa abin da ke ɓacewa ba ya zama abin bauta. Mai tauhidi shi ya fi kowa cancantar jin daɗin kallon dutse, don shi ba ya tsoronsa, ba ya roƙonsa, ya san Wanda Ya kafa shi. Annabi (SAW) da kansa ya bayyana ƙaunarsa ga dutsen Uhudu.

Sai dabbobi da tsuntsaye, kuma a nan ne maganar ke da ɗaci. Suratul An'am aya ta 38 ta nuna mana cewa su ma al'ummomi ne irinmu. Dubi shamuwa. Da rani ba ka ganinta, tana can ƙasashen kudancin Afirka, amma da damina ta matso sai ga ta a kan kuka ko tsamiya tana haɗa sheƙa, manomi ya fara gyaran gona. Wa ya gaya mata? Dubi gawo, duk itatuwa na kore da damina shi ya kaɗe ganye, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi lif dabbobi su samu inuwa da abinci. Amma ku tambayi yaranku masu shekara 10 ko sun taɓa ganin gauraka ko burtu. Ungulu fa, da ta cika mahauta a da, ina take? Tun 2015 masana suka sa irin tamu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma cikin dalilan akwai guba da kamun da ake mata don sayar wa masu tsubbu. Wannan ba 'yan bindiga suka yi mana ba. Mu ne. Haka ɗorawa da kaɗanya da marke da suka koma buhunan gawayi.

Shari'a ba ta hana farauta don ci ba. Abin da ta hana shi ne mayar da mai rai abin gwada saiti, kuma yaron da ke harbin kurciya da danƙo ya jefar, wannan hanin ya shafe shi, iyayensa ne za su koya masa. A cikin Sunan Abi Dawud akwai labarin sahabban da suka ɗauke wa wata ƙaramar tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a hanyar tafiya, ta zo tana ta karkaɗa fukafukai, Annabi (SAW) ya umarce su su mayar mata. A wannan hadisin dai ya ga gidan tururuwa da aka ƙona, ya yi inkari. To ina ga wanda ke cinna wa saura wuta don gafiya ɗaya?

Game da lokacin fita, bayan La'asar ne, kuma dama ba lokacin nafila ba ne har rana ta faɗi, lokacin azkar na yamma ne. Ka ga ba abin da ka rasa. Ka ɗauki yaranka, maza da mata, ku taka zuwa inda aka tabbatar da aminci, ko da bakin gulbi ne kusa da gari ko filin makarantar unguwa. Ka faɗa musu sunan abin da kuka gani: wannan kalgo ne, wannan aduwa, wancan cilakowa, na kan bayan saniya carki. In ba ka sani ba ka tambayi tsohon da ke kusa, ciki har da waɗanda rikici ya taso daga ƙauyuka suka zauna tare da mu a Gusau da Tsafe. Sun fi mu sanin daji nesa ba kusa ba, kuma da wuya a samu mai tambayarsu wani abu banda labarin ranar da aka kore su. Wayar a aljihu, don Allah, hoto ɗaya ya isa. Ku juyo tun rana na da sauran tsayi, domin Sunna ita ce a killace yara idan duhun Magariba ya kawo, kai kuma ka samu sahun farko.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya mayar da kowa gonarsa.