Firijin Motar Zango Ya Ƙi Sanyi

Tambaya: Na sayi tsohuwar mota mai ɗakin kwana a Ingila. Firijinta na sanyi idan na jona wutar sansani, amma da na cire sai ya tsaya, fitilu su dushe.

Amsa: Malam, kada ka yi saurin ɗora wa firijin laifi, batirin ɗaki nake zargi. Sa mita a kansa bayan ya huta: bolt 12.6 cikakke ne, 12.0 ya kai rabi. Tayar da inji. In bai haura 13.5 ba, caji ba ya isa gare shi, sai a duba fiyus da rile. Kalli kawunan batirin ma, farin garin nan da ke taruwa a kansu yana tare wuta.

Yawancin firijin motocin nan, irin na Dometic, ba su da kwamfureso. Zafi ne ke zagaya da amoniya a bututu, daga gas, ko wutar sansani mai bolt 230, ko bolt 12. Na ƙarshen na tafiya ne kawai, don yana zuƙe batiri cikin 'yan awoyi. In ka yi zango, koma gas. Kuma ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, in ta karkace ruwan amoniyar ba ya zagayawa.

Amma in ka buɗe murfin firijin na waje ka ji warin amoniya, ko ka ga garin rawaya a bututun, kashe komai, rufe gas, kira makaniki. Wannan ba gyaran gida ba ne.